Amsoshin Tambayoyinku: Kalmomin yalwa da na facaka a Turanci

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun da muka ware yau duk a kan Turanci suke, kuma malamin da ya saba taya mu amsa irinsu yana tare da mu. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai. Allah ya ba mu alheri.

Mai gabatarwa: Ta farko daga wani ɗalibi ce a Gusau, mai shirin zana jarrabawar JAMB ta shiga jami'a. Ya ce a sashen da ake neman kalma mafi kusa da ma'ana yakan ci karo da abundant, plentiful, ample da copious. Ya duba ƙamus, kowacce "mai yawa" aka ce masa. To yaya zai bambance su?

Malam: Ɗana, ƙamus bai yi maka ƙarya ba, gajarta maka zance ya yi. Abundant daga Latin ta fito, kuma a cikinta akwai unda, wato igiyar ruwa. Abu ne da ya cika har ya tumbatsa, shi ya sa ake faɗinta ga ruwan sama, ko kifi a tafki, ko ma'adinai a ƙasa. Plentiful kuwa ta kasuwa ce da rumbu: bayan kaka hatsi ya wadata, duk wanda ya nema zai samu. Ample ita ce ta fi kayar da ɗalibai, domin ba tulin abu take nufi ba. Abin ya isa ne har da ɗan ragowa. In aka ce kana da ample time, kana da lokacin da zai ishe ka ka gama aikinka ba tare da gaggawa ba. Copious kuma ta fi zama a rubutu, kan abin da mutum ya fitar da yawa: ɗalibi ya rubuta copious notes, ko wani ya zubar da copious tears. Saboda haka in ka shiga ɗakin jarrabawa, dubi sunan da ke biye da kalmar. Kowacce tana da abokan tafiyarta.

Mai gabatarwa: Sai wata baiwar Allah daga Zangon Kumasi a Ghana. Ta ce maƙwabtansu, waɗanda ba sa jin Hausa, sun gayyace ta bikin 'yarsu, sun karrama ta ƙwarai. Ta rubuta saƙon godiya ta ce "thank you for the extravagant reception", sai ɗanta ya hana ta aikawa. Tana so ta san laifin kalmar.

Malam: Hajiya, ɗanki ya yi miki gata. Extravagant haɗin kalmomin Latin biyu ce: extra, wato waje, da vagari, wato yawo. Wanda ya ƙetare iyaka ke nan. In kika ce wa mai gida liyafarsa extravagant ce, yana iya jin kamar kin ce ya kashe abin da ya wuce kima, ko ya wuce ƙarfin aljihunsa. Tsakanin aminai ana iya faɗinta da murmushi a wuce, amma a rubuce, ga mutanen da kike ganin girmansu, zargi ya fi yabo ƙarfi a cikinta.

Wadda kike nema ita ce lavish. Asalinta lavasse ce a tsohon Faransanci, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Mai lavish ya buɗe hannu ne ya zuba ba ƙidaya, kuma yawanci da sha'awa ake faɗinta. Duk da haka ki lura, ɗan jarida in ya rubuta cewa wani jami'i yana rayuwar lavish, tuhuma ce yake yi. In kina son wadda ba ta da ƙaya ko kaɗan, ki ce generous, shi ke nan. Godiyar kanta kuma, in ta yi yawa, profuse thanks ake cewa. Wannan profuse ɗin ita ce dai ma'aikatan asibiti ke faɗa wa jini ko gumi in suna zuba ba tsayawa.

Mai gabatarwa: Malam, ina jin kamar mu ma muna da irin wannan. Karamci daban, facaka daban.

Malam: Ƙwarai kuwa, kuma abin da nake so masu sauraro su riƙe ke nan. Babu Bahaushen da zai je gidan surukinsa ya ce an yi facaka da abinci, yana nufin yabo. Cewa zai yi an yi karamci, an wadata kowa. Yalwa, wadata, bushasha, wadaƙa, almubazzaranci, duk a kan yawa suke, amma kunnenka ya san wacce ce addu'a, wacce ce tsawa. Ko a karatun addini, malamai da dama sun raba israfi da tabziri: na farko wuce gona da iri a abin da ya halatta, kamar yadda aya ta 31 a Suratul A'araf ta yi hani game da ci da sha, na biyu kashe dukiya inda bai kamata ba sam, wanda Suratul Isra'i ta yi wa kashedi mai tsanani a aya ta 26 da ta 27. Wannan kunnen da muke da shi, shi za mu ɗauka mu shiga Turanci da shi.

Bari in ƙara prodigal, don tana yawan zuwa a jarrabawa. Mutane sun san ta ne daga misalin da ke Linjilar Luka, sura ta 15: ɗan da ya karɓi rabonsa, ya tafi ƙasa mai nisa ya cinye, yunwa ta koro shi gida. Saboda ƙarshen labarin, da yawa sun ɗauka prodigal na nufin wanda ya ɓata ya dawo, har jaridu kan kira ɗan ƙwallon da ya koma tsohuwar ƙungiyarsa prodigal son. Ma'anarta ta asali almubazzari ce. Ɗan Gusau, in ka ga wasteful a zaɓi, ita za ka ɗauka.

Mai gabatarwa: Me ya sa Turanci ya tara su haka?

Malam: Tarihi ne. A 1066 William na Normandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu kusan shekara 300. Daga baya, a ƙarni na 16 da na 17, masana suka yi ta kwaso kalmomi daga Latin. Na gida irin su much, many da enough ba su mutu ba, baƙin suka zauna kusa da su, kowacce ta kama aikinta. Littafin da likita Peter Mark Roget ya fitar a 1852 ya jera su rukuni-rukuni, amma bai zauna ya bambance su ba. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ganin yaro mai basira ya buɗe irin wannan jeri a waya, ya zaɓi mafi tsawo don ya burge mai duba takarda, ya rasa makin da enough za ta ba shi.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe a taƙaice, daga wani malamin makaranta a Maraɗi: luxuriant da luxurious ɗaya ne?

Malam: A'a, Malam, kuma Faransancinka zai taimake ka, don can ma akwai luxuriant da luxueux. Ta farko ta tsiro ce da ya yi yabanya, ko gashi mai cika. Ta biyu ta kayan alatu ce, otal ko mota. Opulent kuma ta fada ce, inda dukiya ke bayyana a bango da shimfiɗa. Sai dai ka yi hattara da extravagant: a Faransanci ta fi karkata ga abin da ya saɓa wa hankali, a Turanci ta fi karkata ga kashe kuɗi.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam. Lokaci ya cim mana. Wasiƙar da ta zo daga Garwa kan borrow da lend sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.