Me Za Ka Shuka Idan Gidanka Yana Bakin Tafki?

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? Madalla.

Abu uku na zo da su ga mai gida a bakin ruwa, ko a Tiga ne, wadda aka datse tun 1974, ko a tafkin Madarumfa kusa da Maraɗi.

Na farko, kada ka kankare gaɓa tas. Mutum zai sayi fili, ya share har bakin ruwa, ya jera itacen turare, damina ɗaya ƙasar ta bi ruwa. Ka bar ciyawar jema da burugu. Saiwarsu ce ke riƙe gaɓar, a cikinsu kirinjijiya, wato agwagwar daji, ke fakewa.

Na biyu, ɓaure. Wallahi ina son ɓaure! Kowa a nan ya taɓa ɓare shi, ya ga ƙananan ƙwari, ya yar. To waɗannan ƙwarin su ne ke yi masa barbara, in babu su babu iri. Kuma ɓaure ba ya jiran lokaci guda, wannan ya nuna yau, wancan sai wata mai zuwa, saboda haka ko da rani tsuntsu ba ya rasa abin kai wa baki. Ku je ƙarƙashinsa da asuba, ku ji hayaniya kamar ranar kasuwa. Da dare jemagu su karɓa. A ƙasa awaki na tsinta, har ni ma, Alhaji, ina tsinta! Amma ku nisanta shi da gini, saiwarsa tana fasa tushe. Na ce ku nisanta shi.

Ina muke? Na uku... akwai giyayya, ita ba ta damu da ambaliya ba. Akwai kanya, da ɗinya. Ɗinya ta itace fa, ba dinya mai fiffike ba, ko da yake duka biyun muke nema. Gawo kuma can kan tudu, yana fure bayan damina, lokacin da zuma ke buƙata.

Na'am, Hajiya? Macizai da sauro?

Gaskiyarki. Ki share kewayen gida, ki fitar da hanya mai faɗi zuwa ruwa, ciyawar ta tsaya can gaɓa. Sauro kuwa ya fi hayayyafa a kwatami da tsohuwar taya, don a tafki kifi na cinye tsutsarsa. Abin da zan ce ki sa wa ido shi ne ciyawar kacala. Mutanen Nguru sun san yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa. Da kin ga ta leƙo, ki sa a yanke ta ƙarƙashin ruwa tun tana ƙarama.