Sharhi: An Ƙirga Jarirai, Wa Ya Tambayi Uwa?

Jama'a masu sauraro, duk ranar 1 ga Disamba, ranar yaƙi da cutar ƙanjamau ta duniya, sai a karanto mana alƙaluma masu daɗin ji. Kuma an yi ƙoƙari, ba a musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan babu magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauki ƙwayar HIV daga uwa, tun a ciki, ko wajen haihuwa, ko a nono. Da magani, adadin kan sauka ƙasa da 5. Kuba ta samu shaidar toshe wannan hanya a 2015, Tailan ta biyo baya a 2016. Madalla. To ita uwar fa, wa ya tambaye ta yadda take kwana?

Mata kusan miliyan 1 da dubu 300 masu ɗauke da ƙwayar ne ke samun juna biyu duk shekara, kuma da yawansu a wajen awon ciki suke fara jin labarin. Mace ta shiga da murna, ta fito da robar magani da sirrin da ya fi ƙarfinta. Ta faɗa wa maigida? Tana tsoron ya ce ita ta kwaso, ya dake ta ko ya sake ta. Ta faɗa wa dangi? Tana tsoron a ware mata kofi. Abin da ta samu daga asibiti shi ne, "Ki sha kullum, kada ki tsallake." Layi na jira, sai mai bi mata.

Haihuwa ma ba ta sauke mata nauyin ba. Ana gwada jariri yana mako 4 zuwa 6, amma amsar ƙarshe sai ya kai wata 18 ko bayan yaye. Shekara ɗaya da rabi kenan, duk tarin da yaron ya yi gabanta ya faɗi, duk zazzaɓi ta ce laifinta ne. Tana ba shi nono kamar yadda likita ya ce, tana ba shi da fargaba. Tana ɓoye maganinsa daga idon 'yan barka. Wa ya tambaye ta?

Ko ba ƙanjamau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 16 cikin 100 na masu ciki, da kusan kashi 20 na masu jego, na fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Ku ɗora tsangwama da ɓoyon sirri a kan wannan. Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya gano cewa kusan kashi 76 na mata masu ɗauke da ƙwayar kan riƙe maganinsu yadda ya kamata lokacin ciki, amma bayan haihuwa sai ya koma 53. Abin mamaki ne? An lallaɓa ta muddin jaririn na cikinta, da ya fito sai aka yi da ita kamar buhun da aka juye kayansa.

Wasu za su ce kuɗi ba su isa ba, a fara da magani, maganar zuciya sai an samu rara. Haba! Maganin da aka sayo da tsada, wa zai haɗiye shi? Matar da ba ta iya tashi daga gado, wadda ta daina ganin amfanin rayuwarta? Idan ta bar sha, ƙwayar ta sake yawa a jininta, ga yaro a nono. Jaririn da ake tinƙaho da shi ma an jefa shi cikin haɗari.

Kuma ba likitan ƙwaƙwalwa ake nema a kowane ɗakin awo ba. Ƙungiyar mothers2mothers, wadda ta fara a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 2001, iyaye mata masu ɗauke da ƙwayar take ɗauka aiki, ta horar da su, su zauna da sababbi. Mace ta ga 'yar'uwarta da ta bi hanyar, ga ɗanta lafiya lau yana gudu. Tsarin Thinking Healthy na taimaka wa masu ciki da masu jego da ke fama da ciwon damuwa ta hanyar tattaunawa, da aka gwada a Pakistan kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinsa a 2015, ma'aikatan lafiya na unguwa ne ke gudanar da shi.

Ina da shakka a kan abu ɗaya. Idan tambayar za ta zama wani gurbi a takarda da ungozoma za ta cike ba tare da ta ɗaga kai ba, gara a bari. Matar da aka tambaya a gaban layi, ƙofa a buɗe, "lafiya lau" za ta ce. A ja labule, a rage murya, a tambaye ta wa ya sani a gida, ko tana barci, ko ana dukanta. In ta amsa, a samu wanda za a miƙa ta gare shi a ranar, sannan a sake tambayarta duk zuwan da za ta kawo yaro rigakafi.