Kafin Zarto da Cizal: Benci Mai Ƙarfi da Bais ga Mai Fara Aikin Katako

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau magana ce ta mai sha'awar aikin katako, wanda yake son ya riƙa ƙera ɗan akwati ko kanta ko kujera a lokacin hutunsa, ba don neman abinci ba. Akasarin masu farawa zarto suke fara saye, sai cizal, sai magogin katako. Sai an zo aiki a ga babu inda za a ɗora katakon.

Ku yi tunanin wannan. Katako ne a kan ƙaramin teburi marar nauyi. Hannu ɗaya ya danne shi, ɗayan yana jan zarto. Duk ja ɗaya sai teburin ya yi gaba ya dawo, layin da aka zana yana nan, zarton yana can. Mai aikin zai ce hannunsa ne bai faɗa ba, alhali rabin ƙarfinsa wajen girgiza teburi ya ƙare. Ga kuma haɗari, domin hannun da ke riƙe katako shi ne yake zama a gaban bakin cizal.

Aikin benci guda ɗaya ne: ya riƙe maka katako kam, hannuwanka biyu su koma kan kayan aiki. Kowane katako yana da fuska, yana da gefe, yana da kai, kuma duk ukun za ka taɓa su. Bencin da ya iya riƙe shi ta waɗannan fuskoki uku ba tare da ya motsa ba ya gama aikinsa, ko da ba shi da kyan gani.

To mene ne ke hana benci motsi? Nauyi da haɗin ƙafafu. In kana son gwada kowane benci, tsaya a ƙarshensa ka tura shi ta tsawo, yadda za ka tura magogi. In ka ga ƙafafun sun karkata ko ka ji ƙara, wannan zai wahalar da kai. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe irin wannan turi, a hankali take saki. Kafintoci suna huda rami a jikin ƙafa, su fere harshe a bakin katakon da zai gitta, ya shiga ramin daram, a sa gam. Wanda hannunsa bai kai nan ba tukuna ya yi amfani da dogon bol da noti, ribarsa ma in ya saki sai a ƙara ɗaurewa.

Siffofi biyu ne suka fi shahara, kuma dukansu tsofaffi ne. Akwai na Faransa, wanda kafinta André Roubo ya zana a 1769: katako mai kauri kamar santimita 10 ko fiye a kan ƙafafu huɗu masu gwaɓi, nauyinsa kawai ya ishe shi. Akwai kuma na Ingila, irin wanda Peter Nicholson ya zana a 1812. Shi samansa ba shi da kauri sosai, amma an manna masa faffaɗan allo a gaba da baya, su ne suke ɗaure ƙafafun su hana su rawa. Ni dai mai farawa na biyun nake nuna masa. Bai cin katako da yawa, kuma da zarto da gam da sukuru za a iya tayar da shi. Na Faransa abin sha'awa ne, amma juya samansa ma sai ka nemi mai kama maka.

Sai tsayi. Miƙe tsaye, ka saki hannuwanka. Inda wuyan hannunka ya tsaya, kusan nan saman bencin zai kasance, ga yawancin mutane tsakanin santimita 80 zuwa 90. Mai yawan gugar katako ya fi son ya ɗan yi ƙasa, don ya ɗora nauyin jikinsa a kan magogin. Mai ƙananan ayyuka na natsuwa ya fi son ya ɗan yi sama, kada bayansa ya ƙage. In kana shakka, bar ƙafafun da tsawo, ka yi aiki a kai na ɗan lokaci, sannan ka rage. Tsawon benci santimita 150 zuwa 180 ya wadatar, faɗi kuwa kada ya wuce 60, iyakar inda hannunka zai kai. Abin da ya wuce haka wurin tara tarkace ne kawai.

Ba dole sai katako mai tsada ba. Mai taushi ma ya yi, muddin ya bushe kuma ba shi da lanƙwasa. Ajiye shi a ɗakin da za ka yi aiki na wasu makonni ya saba da iskar wurin, domin katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ba ta tsawo ba. Shi ya sa ake ɗan tsawaita ramin sukurun da ke riƙe saman benci, in ba haka ba wata rana ka tarar ya tsage.

Yanzu mu zo kan bais, wato ƙarfen nan mai baki biyu da ake murɗa masa hannu ya matse katako. A nan mutane suka fi yin asarar kuɗi. Bais ɗin makanikai, wanda ake dasawa a saman teburi, yana da haƙora a bakinsa don kama ƙarfe. Ka sa masa katako, sai ya bar masa tabon da sanfefa ba za ta fitar ba. Na kafinta a ƙarƙashin benci ake ɗaure shi, bakinsa sumul ne kuma faffaɗa, santimita 18 zuwa 23, da ramukan da za ka ɗaura masa katako a ciki. Kada ka yi aiki da shi sai ka sa wannan katakon. In ka manna ɓallin fata a kai, riƙon zai ƙaru ba tare da ka murɗa da ƙarfi ba.

Ina za a sa shi? Mai aiki da hannun dama, a gaba ta ɓangaren hagu. Dalili kuwa, magogi daga dama zuwa hagu yake tafiya, saboda haka turin yana nufar wurin da aka riƙe katakon. Bahago sai ya juya lissafin. Ƙarfen bakin ya ɗan yi ƙasa da saman benci, katakon da ka ɗaura masa ne zai zo daidai da saman, don kada bakin zarto ko na magogi ya ci karo da ƙarfe. Sannan bakin baya ya daidaita da gefen bencin. Ku duba amfanin haka: ga dogon allo, kansa ɗaya a cikin bais, sauran jikinsa ya kwanta a gefen benci, ƙusar katako ɗaya a ƙasa ta tallafe ɗaya kan. Ko motsi ba ya yi.

Wani abu da ke tsorata sababbin shiga: ka rufe bais sai ka ga saman bakin ya riga ƙasan haɗuwa. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi shi haka, in ka ƙara murɗawa ƙasan zai biyo. Abin da ke lalata shi shi ne matse katako a gefe ɗaya kullum. Sai ka ga ɗaya gefen yana shigewa, bakin ya karkace, katakon yana sulɓewa. Maganin sauƙi ne da shi: nemo guntun katako mai kauri ɗaya da wanda kake aiki a kai, ka sa a ɗaya gefen, sai matsin ya daidaita. Kuma kada ka riƙa dukan cizal da guduma a kan abin da ke cikin bais. Aikin duka a saman benci ake yinsa, daidai kan ƙafa, inda ƙarfin zai sauka ƙasa kai tsaye. Zaren sukurun bais ɗin kuwa ka riƙa share masa ƙura, ka shafa ɗan kakin zuma, don man giris yana tara garin katako.

Bais ya riƙe gefe da kai, saura fuska. Nan akwai wani tsohon ƙarfe mai siffar lauje. Ana huda rami na milimita 19 a saman benci, a zura ƙafarsa, bakinsa ya sauka kan katako, a buga masa guduma sau ɗaya a ka. Yana karkacewa a cikin ramin ya maƙale, ya danne katakon ƙam. Ka buga shi ta baya, ya saki. Yana son saman benci mai kauri kamar santimita 5, don haka a benci irin na Ingila sai a manna ƙarin katako a ƙarƙashin ramin. Kada ka cika bencin da ramuka tun farko, huda kaɗan, aiki zai nuna maka inda kake buƙatar ƙari.

Saman benci dole ya miƙe, domin in yana da murɗiya duk abin da ka goga a kai zai ɗauko ta. Ɗora sanduna biyu madaidaita, ɗaya a kowane ƙarshe, ka durƙusa ka hango su ta saiti. In ba su yi layi ɗaya ba, goge kusurwar da ta yi tudu. Kada ka shafa masa banish, santsi zai sa katako ya riƙa gudu. Ɗan man katako shafi ɗaya ya isa, don gam ya daina kamawa.

Ko da yaushe ana tambaya: ta yaya zan ƙera benci ba ni da benci? Fara da saman. Haɗa shi a kan ƙananan matokarai biyu, ka jingina kansa da bango. Da gam ya bushe ka samu wurin aiki, a kansa za ka yanka ƙafafu ka huda ramuka, in abu ya so motsi ka zauna a kansa. Bais ɗin kuma ka saye shi tun kafin ka yanka ƙafa ko ɗaya, ka auna wurin da sandunan ƙarfensa za su ci a ƙarƙashi, don kada ka gama haɗawa ka tarar ƙafar hagu ta tare masa hanya.