Kafin Ka Ɗora Wa Ƙaramin Jirgi Babban Injin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga Zariya. Yau maganar canjin injin ƙaramin jirgin sama za mu yi, tunda ita kuka fi tambaya.

Na san abin da ke sa mutum sha'awar babban injin a nan. Filin jirginmu ya haura ƙafa 2,000 daga teku, to idan zafin Afrilu ya kai digiri 38, iskar takan yi sirara har jirgi ya ji kamar yana sama da ƙafa 5,000. Injin da ba shi da turbo (na'urar da ke tura masa ƙarin iska) kuma yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000. Shi ya sa injin Rotax 912 mai ƙarfin doki 100 yake rauni da tsakar rana, sai ido ya koma kan 915 mai doki 141.

To amma nauyi fa? Tsakaninsu akwai kusan kilo 30, kuma duk a hanci zai zauna. Nan nake so ku natsu, domin sai mun auna jirgin mun gano tsakiyar nauyinsa, wato inda nauyin gaba da na baya suke daidaita. Ƙanena, turo sikelin can ƙarƙashin tayar hagu. A'a, dakata, mu juye man tanki tukuna. Sikeli uku, kowace taya da nata, jirgi a daidaice, ƙofar rumfa a rufe, domin iskar hunturu kaɗai tana iya canja maka lamba. Nauyin kowace taya ka ninka shi da nisanta daga layin da mai zanen jirgin ya ba ka. Daga layinsa fa, ba daga bakin farfela ba, ba kuma inda ya yi maka sauƙin ja da tef ba. Ka tara, ka raba da jimillar nauyi, ga tsakiyar nauyinka. Idan ta zarce gaba, wutsiya ba za ta iya ɗaga hanci wajen sauka ba, tayar gaba ce za ta fara dukan ƙasa, a filin da ba kwalta kuwa wannan kifewa ce.

Ni na fi son mayar da batir baya a kan a ɗaura dalma a wutsiya. A ce batir kilo 7 ne, ka matsar da shi mita 3, ka rage matsalar ba tare da ƙarin kaya ba. Sai dai ka sa waya mai kauri.

 Gudun da aka haramta wa jirgin wucewa yana nan yadda yake, ƙarin doki bai ƙara wa fiffike ƙarfi ba. Jirgin Zenith CH 701, alal misali, doki 100 ne iyakar abin da aka zana masa, kada ka wuce. In ƙarfi kake so, nemi gangar jikin da aka yi don shi, kamar jirgin Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna da injin Lycoming mai doki 180. Kuma kafin ka kwance noti ɗaya, ka tuntuɓi NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya.

Ƙanena, karanto mini lambar tayar dama.