Yadda ake sauya rufin tsohuwar tashar jirgin ƙasa

Jama'a, assalamu alaikum. Kafin unguwar Rigasa da ke Kaduna ta samu sabuwar tasharta a 2016, Kaduna ta daɗe da sanin jirgin ƙasa. Layin dogo daga Baro ya isa Kano a 1911, ta Kaduna ya bi. A 1917 Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita Kaduna, a shekarun 1920 kuma layin gabas da ya biyo ta Kafanchan ya zo ya haɗu da shi. Ginin da ya ga wannan zamanin, idan rufinsa ya fara yoyo, yaya za a yi da shi?

Ba a fara ɓalle kwano. Sai an hau an duba abin da ke ƙarƙashinsa, domin ɓarnar ruwa a ɓoye take. Ta ramin ƙusa yake shiga, ya jiƙa katako, gara ta ƙarasa sauran aikin. Kafinta yakan ƙwanƙwasa kowane katako da guduma. Wanda ya yi amon ganga, cikinsa ya cinye, shi kaɗai za a cire. Mai lafiya a bar shi, don samun irinsa a kasuwar katako yau sai an sha wuya. Idan ƙarfe ne, a kankare tsatsa, a shafa fenti.

Da rani ake wannan aiki. Wanda ya buɗe rufi a Kaduna cikin watan Agusta, ruwa zai riga shi shiga. Kuma gefe-gefe ake buɗewa, a rufe da tamfol kafin dare. In an tarar da tsohon rufin asbestos, wato falle mai kama da siminti, kada a fasa shi, ƙurarsa tana illa ga huhu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a sauya wa ginin kama. Gangaren rufin da faɗin barandarsa da dalili aka yi su: ruwan sama ya sauka nesa da bango, fasinja ya samu inuwa. Saboda haka a ɗauki hoto, a auna komai kafin a cire ƙusa ta farko, sabon kwano ya hau daidai inda tsohon ya zauna. Indararo kuwa a gyara shi tare, don in ya toshe, damina ɗaya ta isa ta jiƙa bangon.