Haƙuri da Hawaye: Aikin Malamai Wajen Kula da Wanda Masifa ta Firgita

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina, iyayena maza da mata, da sauran 'yan uwa, ina yi muku barka da zuwa.

Tun daga shekarar 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, har zuwa ambaliyar watan Satumban 2024 da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, mutanen Arewa maso Gabas sun ga abin da baki ba zai iya faɗa ba, kuma 'yan uwanmu na Zamfara da Katsina da Sakkwato suna fama da nasu a hannun 'yan bindiga. Da yawa sun tsira da rayukansu, amma barci ya ƙaurace musu. Wani ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa jikinsa ya ɗauki rawa, wata kuma kullum dare sai ta sake ganin abin da ya faru a mafarki, wani ya koma mai saurin fushi a cikin iyalinsa alhali da ba haka yake ba. Likitoci sun san wannan hali, kuma idan ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, suna ɗaukar sa a matsayin ciwon da ke buƙatar magani.

Sai dai irin wannan mutum ba asibiti yake fara zuwa ba. Wurin liman yake zuwa, ko malamar Islamiyya, ko fasto idan Kirista ne, don haka abin da ya fara ji daga bakinmu yana da nauyi ƙwarai. Abin da muka saba faɗa kuwa shi ne a yi haƙuri, ƙaddara ce. Magana ce ta gaskiya, amma sau da yawa muna faɗarta ne domin mu rufe bakin mai kuka, har ya tashi yana zaton baƙin cikinsa raunin imani ne, ya tafi da kaya biyu maimakon ɗaya.

Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne ya ce haƙuri mai kyau, kuma shi ne Alƙur'ani ya ba mu labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu. Da 'ya'yansa suka zarge shi, sai ya ce yana kai kukansa da baƙin cikinsa ne ga Allah, kamar yadda ya zo a aya ta 86 ta Suratu Yusuf. Haka kuma lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake gargarar mutuwa, Annabi ya zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki. Annabi ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da tuhumar hukuncin Allah. A ganina, malamin da ya tsawata wa bazawara don ta yi kuka ya ɗora mata abin da shari'a ba ta ɗora mata ba.

Sunna ba ta tsaya ga magana ba. Bayan shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Nana A'isha kuma takan sa a dama talbina, wato wani kunun sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rasuwa. Mu kuwa a yau, gidan makoki ne yake ciyar da masu ta'aziyya, kuma da an yi sadakar bakwai sai kowa ya watse, daidai lokacin da kaɗaici yake fara cizo.

Akwai kuma iyakar da malami ya kamata ya sani. Addu'a da azkar da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, amma ba kowace razana ce shafar aljanu ba, kuma ɗaure mara lafiya da mari ko dukansa da sunan ruƙiyya zalunci ne. Annabi ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware, ga na Dawanau a Kano, kuma a watan Janairun 2023 an sa hannu kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta tanadi haƙƙoƙin irin waɗannan marasa lafiya. Idan mutum ya daina cin abinci, ko ya faɗa wa shaye-shaye, ko ya ambaci cewa gara ya kashe kansa, kada malami ya tsaya ga karanta masa hukuncin wanda ya yi haka. Ya saurare shi har ya gama, ya riƙe sirrinsa daga 'yan unguwa, ya sanar da wani amintacce a cikin danginsa kada a bar shi shi kaɗai, sannan a raka shi wurin likita a ranar, a kuma ci gaba da yi masa addu'a da ziyara bayan an dawo.