Ƙuduji a Gonarmu ta Ƙasar Sanyi

Baba Rabaran, shugaba da sauran shugabannin ƙungiya, iyayenmu mata na Zumunta, da ku matasa da kuka tare can baya kusa da tukunyar shayi, salamar Ubangiji Yesu ta tabbata a gare ku. Sannunku da hanya, musamman waɗanda suka taso daga Mancesta da Bamingam tun duhun asuba. Na kuma hango wasu da daga aikin dare suka zarce nan Landan ba su ko runtsa ba. Duk wanda gyangyaɗi ya ɗauka a cikinku, na yafe masa tun yanzu.

Da shugaba ya ce in yi magana a kan girma cikin ruhu da jimiri, na ce masa ga Baba Rabaran nan, ni ɗan manomi ne kawai. Ya ce to, ka yi mana maganar noma. Shi ke nan, na rasa ta cewa.

Kun san misalin mai shuka a Markus sura 4. Akwai irin da ya faɗa kan dutse, ya tsiro da wuri, rana ta buga shi ya ƙone don ba shi da saiwa. Ubangiji ya ce ranar nan ita ce tsanani. Akwai kuma wanda ya faɗa cikin ƙaya. Wannan bai ƙone ba, ya tsaya da ganyensa, sai dai bai ba da ko ƙwaya ɗaya ba, domin damuwar duniya da ruɗin dukiya sun shaƙe shi.

Zafin rana mun san shi, gadonmu ne. Waɗanda suka fito daga Wusasa za su iya ba da labarin fiye da ni. A ƙarni na 19 an kashe Malam Ibrahim a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, mabiyansa da ake kira Isawa suka watse, wasu suka nufi Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Mila, ɗan mishan, a Zariya, suka ji bishara, aka kafa musu mazauni a Gimi. Sun yi gini, sun yi shuka, sai ƙudan tsando ya kawo ciwon barci, aka yi ta binne mutane har garin ya tashi. Idan da a lissafin mutum ne, magana ta ƙare a nan. Amma ragowar da suka tsira na cikin waɗanda suka zauna a Wusasa da mishan ta koma can a 1929, inda majami'ar Bartalamawus, ginin ƙasa, take tsaye har yau. Wannan ɗan gari shi ya raini Likita Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da Janar Yakubu Gowon. Shi kuwa Mila, mutumin ƙasar nan da muke zaune ne. Ya fara taka ƙasar Hausa a 1900, amma Littafi Mai Tsarki bai fito cikakke da harshenmu ba sai 1932. Shekara 32! Mu kuwa sati biyu muka yi addu'a ba amsa, sai mu fara kumbure-kumbure.

Ranar ba ta faɗi ba tukuna. 'Yan'uwanmu na Nijar suna tune da Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Dukanmu muna tune da Leah Sharibu, 'yar shekara 14 da aka ɗauke a Dapchi ran 19 ga Fabrairu 2018, aka dawo da mafi yawan 'yan makarantarsu, ita aka riƙe ta don ta ƙi musun Ubangijinta.

To mu da muka haye teku fa? Nan ba mai tare ka a ƙofar majami'a. Kana iya rera waƙa har muryarka ta dushe. Shi ya sa nake jin tsoron kada mu ɗauka mun tsira.

A gonar mahaifina abin da ya fi tsoro shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Fari kowa na ganinsa, har a fita roƙon ruwa. Ƙuduji kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake fara aikinsa. Ya manne wa saiwar dawa yana tsotsa makonni, kai kana wucewa kana cewa gona ta yi kyau. Ranar da ka ga furensa ya fito, kyakkyawa abin sha'awa, ɓarna ta riga ta auku. Kuma ya fi samun ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda aka yi shekaru ana nomawa ba a zuba mata taki.

Bari in tona wa kaina asiri. Shekarata ta biyu a ƙasar nan ina aikin kula da tsofaffi, awa 12 a tsaye, ina kuma karɓar na Lahadi domin kuɗinsa ya fi tsoka. Dalilaina duk masu kyau ne: kuɗin haya, kuɗin makarantar ƙannena, rufin ɗakin tsohuwa a gida. Ban yi saɓo ba, ban sha giya ba. Kawai wata rana a watan Disamba, ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu, ɗiyata ta ce in yi mana addu'a kafin abinci, na buɗe baki na ji kamar ina gaida baƙo. Na lissafa, wata bakwai ban buɗe Littafin ba. A duk tsawon lokacin nan ina tura ayoyi a WhatsApp kowace safiya, waɗanda ni kaina ban karanta ba. Furen ƙudujin ke nan.

Wata mama ce a cikin ɗakin nan ta cece ni, ba zan kama sunanta ba don za ta ji kunya. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta shigo bas biyu ta zo da tuwo da miyar kuka, ta zauna, ta ce ɗana, karanta mini Zabura ta 121, idona ba ya gani sosai. Ƙarya take yi, Allah ya gafarta mata, idonta ya fi nawa. Da sati ya zagayo ta sake dawowa. Da haka saiwa ta fara kamawa, a hankali, kamar yadda dawa take yi.

A gida, in ba a gan ka a addu'ar safe kwana uku ba, dattijo zai yi sallama a ƙofarka. Nan mutum zai iya bushewa shekara guda maƙwabci bai sani ba, mu kuma ga mu da ɓoye ciwo. Takardun zama sun maƙale, aure yana rawa, yaro ya ce shi bai yarda akwai Allah ba, amma a tambaye mu sai mu ce lafiya lau, sai godiya. Godiya tana da kyau. Amma zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar ba za ta zo ba in ba ta san inda ake ciwo ba.

Iyaye, game da yara kada mu yi ta faɗa don Hausarsu ta karkace. Aya ɗaya da dare ta isa, ka karanta da Hausa, shi ya karanta da Turanci, ya yi maka tambayar da za ta ɗaure maka kai. In ba ka da amsa ka ce masa za mu tambayi Baba Rabaran. Ai don haka muke ciyar da shi.

Na roƙi magatakarda ya zagaya da takarda. Kowa ya rubuta unguwarsa da ranar da ba ya aiki, za mu haɗa gida uku-uku da ke kusa da juna, su riƙa haɗuwa ko sau biyu a wata, da abinci ko babu. Masu aikin dare ku sa alama gefen sunanku, kada a buga muku ƙofa da hantsi. Mama shugabar Zumunta, ki ɗaga mana waƙa takardar na zagayawa, don na ga ana ta leƙen masar nan tun ɗazu.